A Riƙa Ba Da Tarihin Alƙali Iyad a Majalisun Ashafa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Duk shekara ina zama a majalisin karatun Ashafa a unguwarmu, inda dattawa kan sunkuyar da kai, wasu har da hawaye, idan mai jan baƙi ya kai kan siffofin Manzon Allah (SAW), amma ban taɓa jin an tsaya an ba mu tarihin mawallafin littafin ba.

An haifi mawallafin, Alƙali Iyad bn Musa, a Sabta, a gaɓar tekun Maroko, a shekarar 476 ta Hijira (1083). Ya haye zuwa Andalus neman ilimi, ya yi karatu a wurin Ibn Rushd kaka (kakan Ibn Rushd masanin falsafa) a Kurɗuba da Abu Aliyu Sadafi a Mursiya, sannan ya riƙe alƙalancin garinsu, daga baya na Garnaɗa. Aikinsa da na fi jin takaicin yadda muka yi watsi da shi shi ne Tartibul Madarik, inda ya tattara tarihin Imamu Malik da malaman mazhabarsa ɗabaƙa bayan ɗabaƙa, alhali wannan mazhabar muke bi. Ya rasu a Marrakesh a 544 (1149), nesa da gida, bayan ya ƙi miƙa wuya ga Muwahhidun, daular da ta ƙwace mulkin Maroko a lokacin.

Ina roƙon malamanmu su riƙa buɗe majalisi da tarihinsa, su kuma fassara mana Madarik zuwa Hausa.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya