Ku riƙa leƙa mana Kirgizistan a shafin tafiye-tafiye

Ya Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ku da ma'aikatanku, Allah Ya ƙara basira. Abin da ya sa na rubuto shi ne shafinku na yawon buɗe ido, ina karanta shi sosai amma gaskiya kullum in an buɗe Dubai ce ko Istanbul ko Landan, dogayen gine-gine da manyan kantuna, alhali akwai ƙasashen da mutanenmu ko sunansu ba su taɓa ji ba kuma wallahi akwai abin gani da abin koyo a cikinsu. Ni dai wadda nake so ku duba mana ita ce Kirgizistan, don na je na gani da idona.

Tana tsakiyar Asiya, ba ta da gaɓar teku, Kazakistan na arewa da ita, Sin a gabas, Tajikistan a kudu, Uzbekistan a yamma. Ta fita daga Tarayyar Sobiyet ranar 31 ga Agusta 1991, mutanenta kusan miliyan 7 ne kuma mafi yawansu Musulmi, don haka batun masallaci da abincin halal ba zai wahalar da kai ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar duwatsu ne, galibinsu tsaunukan Tiyan Shan, mafi tsawonsu ya kai mita 7,439, shi ya sa duk inda ka tsaya a Bishkek, babban birninsu, in ka juya kudu sai ka hango ƙanƙara fara fat a kan duwatsu ko da ana zafi a ƙasa.

Ita Bishkek ba zan ɓoye maku ba, ba birni ba ne da zai ɗauke maka hankali nan take, tituna ne masu faɗi da bishiyoyi da gidajen siminti irin na zamanin Sobiyet, sai babban masallacin da Turkiyya ta gina aka buɗe a 2018, sai kasuwa. Ka huta, ka canza kuɗinka zuwa som, kuɗin ƙasar, ka kama hanya. Osh ce birnin da ya fi shiga raina, can kudu, tafiyar yini guda ce cur a mota ta kan tsaunuka. A shekarar 2000 suka yi bikin cikarta shekara 3,000, a tsakiyarta akwai dutsen Sulaiman-Too da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2009, a samansa kuma akwai ɗan ƙaramin masallaci da ake dangantawa da Babur wanda ya kafa daular Mugal a Indiya. Fatake sun sha ratsa garin nan tun zamanin hanyar siliki kuma har yau in ka shiga kasuwar za ka ji Kirgizanci da Uzbekanci da Rashanci duk a layi ɗaya.

A hanyar gabas daga Bishkek kuma akwai hasumiyar Burana kusa da Tokmok, ginin ƙarni na 11, ita ce ta rage daga tsohon birnin Balasagun na sarakunan Karakanid, girgizar ƙasa ta rage mata tsawo ya dawo kamar mita 25. Daga nan sai tafkin Isik-Kul wanda tsawonsa ya kai kilomita 180 kuma ba ya daskarewa ko da hunturu, a ƙarshensa ta gabas akwai garin Karakol mai masallacin katako da Musulmin Dungan, 'yan asalin Sin, suka gina aka kammala a 1910 ba tare da ƙusa ba, kuma ran Lahadi da sassafe kasuwar dabbobinsu ke ci, dawakai da shanu da tumaki masu kitsen bindi, ana ta riƙe hannu ana ciniki.

To amma duk waɗannan ba su ne suka sa na rubuto ba. Makiyayan ne. Daga watan Yuni zuwa Satumba iyalai suna kwashe kayansu su kora dabbobi su hau makiyayar tsauni da suke kira jailo, kamar ta gefen tafkin Son-Kul da ke sama da mita 3,000, can babu bishiya ko ɗaya, ciyawa ce iya ganinka da dawakai garke-garke. Suna kafa bukka zagayayya, ƙashinta sanduna ne da ake ɗaurewa, a rufe da bargon ulu mai kauri da mata ke yi da hannu, a sama a bar zagayen da hayaƙi ke fita haske ke shiga. Wannan zagayen shi ne a tsakiyar tutar ƙasar. Ka duba fa, ƙasa guda ta ɗauki rufin bukkar makiyayi ta sa a tuta, ma'aikaci da likita da ɗan jami'a a Bishkek in hutu ya zo yana ɗokin tafiya wajen danginsa a jailo, ba kunya ba ɓoyewa, alfahari yake yi. Wannan abu ya tsaya min a rai.

Kuma aiki ne ba wasa ba. Ana tatsar goɗiya sau da yawa a yini don nononta kaɗan-kaɗan yake zuwa, mata su dafa su wanke su dunƙula busasshen nono mai gishiri da suke kira kurut, yara ƙanana su hau doki su tare garke kafin magariba saboda kerkeci. Da dare sanyi ne mai shiga ƙashi ko a watan Yuli, da busasshen kashin dabbobi ake hura murhu. Nan in ja kunnen 'yan uwa, nonon goɗiyar da suke tsimawa, kimiz, yana da ɗan maye a ciki, kuma shi ake fara miƙa wa baƙo, sai ka dafa ƙirji ka yi godiya ka karɓi shayi da burodi, ba za su ji haushi ba. Kar ka taka dokin ƙofa, ka cire takalmi, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto.

Wannan rayuwa ba haka kawai ta tsira ba. A shekarun 1930 gwamnatin Sobiyet ta tilasta wa makiyayan zama wuri ɗaya ta haɗe dabbobinsu a gonakin gwamnati, da Sobiyet ta rushe aka raba dabbobin sai talakawa da yawa suka kasa kai nasu nesa, makiyayar kusa da ƙauye ta ƙare da yawan kiwo, ta nesa kuma tana zaune ba kowa. A 2009 suka yi dokar makiyaya da ta miƙa kula da filayen ga kwamitocin masu kiwon kansu, su tsara lokacin hawa da sauka su karɓi kuɗi gwargwadon yawan dabbobi su gyara hanya da gada. Ba wai matsalar ta ƙare ba, amma duk wanda ya san rigimar burtali da mashaya zai so ya ji yadda wasu suka zauna suka tsara nasu. Sannan a 2014 suka fara gasar wasannin makiyaya ta duniya a Cholpon-Ata, inda ake kok-boru, mahaya na kokawar ɗauke gawar akuya daga ƙasa doki na gudu, wasan da UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2017.

Abin da ke damuna shi ne yanzu 'yan kasuwa sun fara jera bukkoki a bakin tafki don masu ɗaukar hoto kawai, ba dabba ba makiyayi, kuɗin kuma ya koma birni. In za ku yi rubutun don Allah ku nuna wa masu karatu su nemi ƙungiyoyin ƙauyuka irin na garin Kochkor da ke haɗa baƙo da iyalin makiyaya kai tsaye, a biya su a hannu, kuma a tafi da tsabar som don babu na'urar cire kuɗi a kan dutse. Ku faɗa masu jirgi na zuwa Bishkek ta Istanbul, akwai neman biza ta intanet amma kowa ya duba sharuɗɗan fasfonsa tun da wuri, kuma a tafi tsakanin Yuni da farkon Satumba don bayan nan makiyayan sun sauko, ƙanƙara ta toshe hanyar Son-Kul.

Na gode, Allah Ya taimaka.

Naku,
mai karanta jaridarku a kullum