A Haɗa Ƙananan Kamfanonin Fasaha da Jami'o'inmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin jami'o'inmu zuwa ga ƙananan kamfanonin da ke ƙera na'urorin auna danshin ƙasa da jirage marasa matuƙa masu duba gonaki daga sama.

Manoman rani na Kura da Kadawa, waɗanda suka dogara da ruwan madatsar Tiga, galibinsu da ido da tafin hannu suke gane ko ƙasa ta ƙoshi. Alhali kuwa na'urar da aka binne kusa da saiwar tumatir tana iya aika saƙo zuwa wayar manomi ta sanar da shi lokacin ban-ruwa, yadda ba zai yi ɓarnar ruwa ba, taki kuma ba zai wanke ya bi lambatu ba.

Sai dai ƙaramin kamfani ba shi da gonar gwaji ko ɗakin bincike, abubuwan da Jami'ar Bayero take da su. A ganina, ya kamata jami'ar ta ƙulla yarjejeniya da irin waɗannan kamfanoni, a gwada na'urorin cikin ƙurar hunturu da zafin bazararmu kafin a kai wa manomi, a kuma horar da masu gyaran waya na kasuwar wayoyi ta Farm Centre da ke Kano su riƙa gyara su.

Naku,
Mai karatu daga Kano