A nemo magina tun damina ba ta riga mu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan tsofaffin gine-ginenmu na ƙasa, musamman masallatan jiharmu ta Tawa. Ni tsohon mushen lakwal ne da ya ajiye alli, amma gidanmu gidan magina ne. Da ginin ƙasa mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ciyar da mu, kuma na iya taka kwaɓi tun ban iya riƙe alƙalami ba.

Kowa ya ji abin da ya faru a Damagaram a farkon watan Satumba na 2024, lokacin da tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Hotunan sun zagaya wayoyinmu, an yi salati, an yi jimami, aka ce ruwa ne. Gaskiya ne daminar waccan shekara ta yi ɓarnar da tsofaffi suka daɗe ba su ga irinta ba, kuma ba ni da bakin faɗar abin da aka yi ko ba a yi wa wancan masallaci ba. Abin da na sani daga gida shi ne, da wuya ginin ƙasa mai kauri ya faɗi dare ɗaya. Yakan yi shekaru yana sanar da mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Idan azahar ta fara zafi sosai a watan Afrilu, mahaifina ba ya jiran kowa ya kira shi. Zai hau soron da ya gina, ya bi rufin da tafin ƙafa yana jin inda ya yi taushi, ya zura sanda cikin kowane indararo ya fitar da sheƙar tsuntsu da ƙasar da iska ta tara. Daga nan ya sauko ya duba gindin bango, domin nan ne ruwan da ke kwarara a titi yake ci a hankali har ginin ya rasa ƙafa. Sai ya shiga ciki ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya ko gara ta shiga. Abin da ya rage yaɓe ne: ƙasa mai kyau, a zuba mata yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, a bar kwaɓin ya kwana kwanaki ya ruɓa, sannan a shafa da hannu. Maginan Damagaram da na Kano suna da makuba da suke haɗawa da ɓawon ɗorawa, da katsi na marina, masu hana ruwa shiga. Duk wannan aikin 'yan kwanaki ne da kuɗi kaɗan. Wahalarsa ɗaya, ba ya yafe shekara. Ka tsallake bana, baɗi aikin ya ninka.

Yanzu abin da ya zama yayi shi ne a lulluɓe bangon ƙasa da siminti a ce an huta. Ba a huta ba. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Rana ta buga, simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bangon ya riƙa jiƙa daga ciki alhali waje sumul. Ranar da ɓawon simintin zai ɓalle, da naman bangon yake tafiya. Na ga haka da idona a wani tsohon zaure da ke kusa da gidanmu, kuma wanda ya biya kuɗin simintin da kyakkyawar niyya ya yi.

Mu mutanen Adar muna da abin da ya kamata ya sa mu fi kowa kula. A garin Yama, ƙasar Illela, akwai masallacin Juma'a da Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962. Manomi ne kuma magini, bai zauna ajin zanen gini ba. Mutanen gari ne suka yi gayya, wasu suna buga tubali, wasu suna ɗebo ruwa, wasu suna kawo itace. A 1975 ya sake komawa kansa, ya ɗaure rufin da baka, ya yi masa tulluwa a tsakiya, sannan ya tayar da hasumiya huɗu, kowace kusurwa da tata, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar uwarta. Aikin ya kai 1982. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, kyautar da manyan masu zanen gini na duniya suke nema ido rufe. Ina koyarwa a lokacin, amma ban taɓa ganin sunan wannan bawan Allah a littafin da aka ba ni in karantar ba. Yaranmu sun haddace kogunan Faransa, ba su san maginin da ke ƙasarsu ba.

Abin da ya fi ruwa cin tsofaffin masallatanmu, in za a faɗi gaskiya, shi ne arzikin 'ya'yanmu. Yaro ya tafi biɗa Abijan ko Libiya, Allah ya buɗa masa, ya dawo yana so ya yi wa garinsu abin alheri. Abu na farko da ke zuwa masa shi ne a rushe masallacin kakanni a yi na bulo da kwano. Ba na zarginsa. Masallacin ya yi wa jama'a kaɗan, matasan da za su yi gayyar yaɓe duk suna waje, kuma mutane sun gaji da a riƙa kallon ginin ƙasa a matsayin alamar talauci. Sai dai duk wanda ya yi sallar azahar ƙarƙashin kwano a watan Mayu ya san abin da aka yi asara.

Mutanen Dandaji, su ma a ƙasar Illela, sun nuna akwai wata hanya. Tsohon masallacinsu ya lalace har ana maganar rushe shi. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar ƙasarmu da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka ba da shawarar a gyara shi a mayar da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci babba a gefensa da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji. An gama a 2018. Jama'a sun samu wurin salla mai faɗi, yara da mata sun samu wurin karatu, tsohon ginin yana tsaye, maginan yankin kuma sun samu aiki sun ƙaru da sabuwar dabara. Ba kowane gari ne zai samu irin wannan dama ba, amma ko ba komai kowane gari zai iya gina sabon a gefe ya bar tsohon.

Tun 2006 hukumomin Nijar suka sa masallatan ƙasa na jihar Tawa da tsohon Birnin Damagaram cikin jerin wuraren da suke fatan UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Agadas ta samu shiga a 2013, da hasumiyarta mai tsawon mita 27. Muna taya su murna, amma hasumiyar nan ta kai yau ne saboda ana hawa itatuwan da ke jikinta ana yaɓe ta tun ba a haifi UNESCO ba. Mu kuwa har yanzu muna layi, takarda kuma ba ta toshe tsaga.

Duk lokacin da na je Yamai nakan leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959. Jikokina zakuna da dorina suke so, sai ƙasusuwan wani ƙaton kada na zamanin da da aka tono a Gadufawa, cikin hamada. Ni kuwa wurin masu sana'a nake tsayawa. Waɗanda suka kafa gidan, marigayi Boubou Hama da shugabansa na farko Pablo Toucet, sun yi tunani mai kyau da suka zaunar da maƙera da dukawa da masaƙa a ciki suna aiki a gaban jama'a, yara suna koyo a hannunsu. Sun gane cewa ajiye takobi cikin gilashi bai isa ba idan maƙerin ya mutu da saninsa. To ina magina a wannan tsari? Bishiyar nan da ta tsaya ita kaɗai a hamadar Tenere, wadda mota ta kaɓe a 1973, an iya ɗauko ta an kawo Yamai an yi mata rumfa. Masallacin Yama ba zai ɗauku ba. Inda yake nan za a kula da shi, kuma masu iya ɗaurin baka da tulluwa a ƙasarmu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun koma buga bulo ko sun yi kudu.

Roƙona ga ma'aikatar da ke kula da al'adu da hukumomin jiha ba na miliyoyi ba ne. A aika mutum ya zagaya ƙauyukan Illela da Keita da Buza da Madawa ya rubuta sunayen tsofaffin maginan da suka rage, a haɗa kowane da yara biyu ko uku, a riƙa ba su ɗan abin sawa a baki. Cibiyoyin koyon sana'a da ke garuruwanmu su sa ginin ƙasa cikin abin da suke koyarwa, da tsohon magini a gaban aji ko da bai iya faransanci ba. Magadan gari su ware 'yan jikkuna a kasafinsu don yaɓe, kuma kuɗin su fito a watan Maris, kada a jira sai Agusta a zo jaje da buhun shinkafa.

Sarakunanmu da limamai kuwa, Allah ya ja zamaninku, ku ne kuka fi kowa iko a nan. Babu mai rushe masallaci a gari ba da saninku ba. Idan ɗan gari ya zo da kuɗinsa, ku sa masa albarka, ku nuna masa fili a gefe, ku ce ya ware kaɗan daga ciki a kira magini ya duba tsohon. Sannan liman ya yi shela ranar Juma'a, a sa ranar gayya kafin hadarin farko.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Tsohon mushen lakwal, ɗan magina,
daga birnin Tawa.