Zuwa ga ɗana mai shirin taka keke daga Badagiri zuwa Lome

Daura, Jihar Katsina

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aikin bautar ƙasa, ya ruwan Kudu? Mu nan lafiya lau sai godiya. Gero ya shiga rumbu, ana ta fama da wake, sanyi kuma ya fara leƙowa da asuba.

Saƙonka ya iso, hoton keken ma na gani. Mahaifiyarka da ta ji cewa kai da abokanka za ku taka keke daga Badagiri har Lome, cewa ta yi maza in kira ka in hana. Na ce mata namiji da ya kai shekarunka ba a ɗaure shi da kada, faɗa masa abin da ke gabansa ake yi. Saboda haka na amince ka je. Amma akwai magana guda a saƙonka da ba ta kwanta mini a rai ba, inda ka ce ƙasar a shimfiɗe take, babu hawa, don haka kwana biyu sun ishe ku. Wannan lissafin na wanda ya ga hanya a waya ne. Ni na bi ta lokacin da nake fataucin atamfa daga Kwatano, kuma ko a cikin mota ta sha gajiyar da ni.

Gaskiya ne babu dutse babu tudu. Daga Badagiri zuwa Seme kamar kilomita 20 ne, daga nan zuwa Kwatano talatin da 'yan kai, daga Kwatano zuwa Lome kuma wajen 150. Duka dai ka sa 200 a ranka. To amma inda babu hawa, gangara ma babu. A nan gida in ka nufi Mai'aduwa ko Sandamu, duk inda ka ɗan hau za ka samu inda za ka saki feda ƙafa ta huta. A bakin teku ba haka ba ne, duk taƙin da keken ya ci da guminka ya ci shi, ka daina takawa ya tsaya. Zama iri ɗaya kuma awa bayan awa shi ke kashe mazaunai da wuya da tafin hannu tun ƙafa ba ta gaji ba. Ka riƙa miƙewa tsaye a kan feda lokaci-lokaci, kana sauya inda ka riƙe kan keken. Kada ka ɗaura sabon sirdi ranar tafiya, wanda jikinka ya saba da shi za ka hau.

Hawan da ke wannan hanya iska ce. Yawancin shekara daga kudu maso yamma take busowa, daga kan teku, ku kuma yamma kuka dosa. Ke nan a tafiya tana gabanku, sai a dawowa za ta tura ku. Da sassafe a kwance take, in rana ta ɗaga ƙasa ta yi zafi sai ta tashi, daga azahar zuwa la'asar kuwa sai ka ga kana takawa iya ƙarfinka amma bishiyar kwakwar da ka hango ta ƙi matsowa. Tudu yana da ƙarshe, kana ganinsa. Iska ba ta da shi. Maganinta ku tashi da zarar kun sallame asuba gari ya yi shaa, ku ci mafi yawan tafiyar kafin ƙarfe 11. Ku jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya tare wa na baya iska, kuna karɓa-karɓa, kada ƙarfafan cikinku su bar mai rauni shi kaɗai a baya. Ka sa giya mai sauƙi ka riƙa juyawa, ba a yi wa iska taurin kai.

Tashin wuri yana da wani amfanin da ba kowa ke lura da shi ba. Da safe rana tana bayanku, direban da ke tafe yana ganinku sarai. Da yamma kuwa tana faɗuwa daidai inda kuka dosa, tana cikin idon duk mai tirelar da ke biye da ku. Wannan titi shi ne ya haɗa tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano da Lome, manyan motoci ba sa yankewa a kansa. In la'asar ta yi sakaliya ku sauka daga titi. Tafiyar dare kuwa ban yarda ba ko da fitila goma ka ɗaura. Hular kwano a kanka, riga mai haske a jikinka, abin sauraren waƙa kuma ya zauna a jaka.

Sai zafi. Kai ɗan Daura ne, za ka ce wane zafi ne ba ka gani ba a watan Afrilu. Namu busasshe ne, gumi na fitowa iska ta shanye shi jiki ya yi sanyi. Na can jiƙaƙƙe ne, gumin zai yi ta zuba, riga ta manne a baya, amma ba ya bushewa, don haka jiki ba ya hucewa. Kada ka jira ƙishi ya kama ka kafin ka sha ruwa. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari irin na kemis, in kuma ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri sun wadatar. Ɗanyar kwakwa tana ko'ina a bakin hanya, mai sayarwa zai sare maka kanta da adda nan take, ka sha ruwan, ka miƙa masa ya tsaga ka kankare naman. In ka ga fitsarinka ya yi ja, ka ƙara ruwa. In ɗayanku ya fara jiri ko ciwon kai ko maganarsa ta fara ruɗewa, tafiyar ranar ta ƙare ke nan, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a nemi asibiti. Watan da kuka zaɓa, Disamba, ya yi daidai, don babbar daminar can daga Afrilu ce zuwa Yuli, ƙaramar kuma tana zuwa wajen Satumba da Oktoba. Sauro dai ba ya hutu a wuraren nan masu fadama da tafkuna, ka tafi da gidan sauronka.

Na duba hoton keken da kyau. Tayar nan siririya ta tsere daɗinta a kwalta ne kawai. Iska tana kwaso yashin teku ta zuba a gefen titi, daidai inda mai keke yake bi, kuma in tayar gaba ta nutse a ciki sai dai ka ji ka a ƙasa. In ka ga yashi ka miƙe kan keken, kada ka murɗa, kada ka damƙe birkin gaba. Mai facin ƙauye ba shi da tib irin naka, famfonsa ma ba zai hau siririn bawul ɗinka ba, saboda haka ka ɗauki tib biyu da faci da salushan da famfonka. Iskar teku gishiri gare ta, tana cin ƙarfe. Kowane dare ka goge sarƙar da tsumma, ka ɗiga mata mai kaɗan. In ka cika man, yashi zai manne ya riƙa niƙa haƙoran.

Maganar iyaka ba ta da tsawo. Kai ɗan bautar ƙasa ne, ba ka fita ƙasar waje sai da izinin hukumarku a rubuce, ka nema tun yanzu. Fasfo ɗinka na ECOWAS da katin rigakafin shawara su kasance cikin leda a jikinka, da rasit ɗin keken. Ofishin iyaka na Seme da Karake guda ne yanzu, wanda marigayi Buhari da Patrice Talon suka buɗe a 2018, ta nan za ku bi a buga muku hatimi. Duk wanda ya ce zai zagaya da ku ta bayan gari, ku ba shi haƙuri. Kuɗin Benin da Togo sefa ce, irin wadda ka sani a Kwangwalam. Ka canza isasshiya, ka nemi ƙananan canji, ka raba su wuri biyu.

Ga yadda nake ganin ya kamata ku yanka tafiyar. Ranar farko ku kwana a Kwatano. Shiga garin sai da natsuwa, don 'yan acaɓarsu masu rigar ɗorawa, zemijan, sun fi ƙudan zuma yawa, kuma ta kowane gefe suke ɓullowa. Ku nemi unguwar Zango, akwai babban masallaci, akwai Hausawa, za ku samu tuwo da wanda zai nuna muku masauki na mutunci. Kashegari Wida, kilomita 40 ne kacal. Akwai hanyar masunta da ke bin bakin ruwa daga unguwar Fijirose a Kwatano, teku a hagunku, kwakwa jere a dama, za ku ga mutum ashirin ko talatin sun kama igiya guda suna jan koma daga ruwa suna waƙa. Da can yashi ce zalla, yanzu an shimfiɗa mata kwalta, amma ku tambayi 'yan acaɓa har ina kwaltar ta kai kafin ku shiga. A Wida ku tsaya ku kwana, kada ku wuce a guje. Daga cikin gari zuwa bakin teku tafiyar kilomita huɗu ce, ita ce hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jiragen Turawa, a ƙarshenta akwai ƙofar tunawa da aka gina a 1995. Ka ga irinta a Gberefu can Badagiri. Ka sauka daga keke ka taka wannan da ƙafa, domin cikin waɗanda aka bi da su ta gaɓar nan har da mutanen Arewa.

Mutanen Wida da yawa masu addinin gargajiya ne, har ɗakin da suke ajiye mesa gare su a tsakiyar gari. Ba addininka ba ne, amma garinsu ne. Banda dariya, banda nuni da yatsa, kada kuma ka ɗauki hoton mutum ko wurin tsafinsa ba ka tambaya ba. Daga Wida titi zai ɗan rabu da teku ya bi ta Kome, sannan ya sauko Giran-Popo kusa da inda kogin Mono ke shiga teku. Nan ne kwana na uku. Rana ta huɗu ku tsallaka iyaka a Hilakonji, ku wuce Aneho, ku shiga Lome da sauran rana. Agogon Togo yana bayan namu da awa ɗaya, ka gyara naka saboda salla. Tafiyar ta haura kilomita 80, don haka kasaru ta halatta gare ka. Alƙibla kuma gabas ce da karkata zuwa arewa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda mahaifiyarka ta sa na yi mata alkawari a kansa. Bayan wunin zafi teku zai kira ka. Kada ka shiga ya wuce idon sawu. Gaɓar nan tana da zurfi nan kusa, ruwan yana ja ta ƙasa, ya sha tafiya da waɗanda aka haifa a bakinsa, balle kai da iyonka bai wuce na kududdufin bayan gari ba. In wanka kake so, akwai guga a masauki.

Kowace rana in kun sauka ka kira ta, ko minti ɗaya ne. Ka turo mini lambar biyu daga cikin abokan tafiyarka da ranar da za ku tashi. Ƙannenka suna gaishe ka, autarmu ta ce a faɗa maka tana son man kwakwa da ɗankwali daga babbar kasuwar Lome, na ce mata keke ba ya ɗaukar kaya, ta ce ai ɗankwali ba nauyi. Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.

Naka,
Mahaifinka