Ba ƙarya maiɗakina ta yi ba aka hana ta biza

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan gidan rediyonku, na rubuto ne a kan maganar da baƙonku ya yi a shirin daren Asabar, inda ya ce babu wanda ake hana bizar Ingila sai wanda ya yi ƙarya ko ya kai takardun jabu. Da mai gabatarwa ya tambaye shi batun magidantan da ake ba su biza a hana matansu, sai ya ce ai waɗannan hutu suka samu, su biyun suka kwashe da dariya. Maganar farko ba gaskiya ba ce, ta biyu kuma cin fuska ce gare ni da maiɗakina, wadda take zaune kusa da ni tana sauraro lokacin da aka faɗe ta.

A bazarar 2024 sanƙarau ya kama 'yarmu ta ƙarshe, tana da shekara biyu da 'yan watanni. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da jinta gaba ɗaya. Likitan kunne ya bayyana mana cewa bayan sanƙarau ƙashi yakan fara tsirowa a can cikin kunne, daidai wurin da ake zura wayar na'urar ji da ake dasawa, kuma idan wurin ya toshe aikin yakan yi wuya, wani lokaci ma ya gagara. Saboda haka jinkiri ba namu ba ne. Yayana likita ne a Manchesta, shi ya samo mana ranar ganin ƙwararru kuma ya ɗauki mafi yawan nauyin, ni kuma na sayar da filin da na gada, dangi suka yi karo-karo.

Mu uku muka nema tare, muka je Abuja aka ɗauki hoton yatsunmu ni da uwarta, yarinyar kuwa hoton fuska kawai aka yi mata tunda ba ta kai shekara biyar ba. Fam 115 muka biya wa kowane mutum, a lokacin da fam ɗaya ya haura naira 2,000. Muka haɗa da wasiƙar likitan can mai bayanin ciwon da kuɗin aikin da tsawon jinyar. Da fasfo suka dawo, sai ga biza a nawa, ga biza a na yarinya, na uwarta kuwa babu komai sai takardar ƙi.

Takardar tana hannuna yanzu da nake wannan rubutu. Abin da ta ce shi ne jami'in da ya duba bai gamsu cewa maiɗakina za ta bar ƙasar ba idan wa'adinta ya cika, domin ba ta nuna albashi ko kadara da sunanta ba. Babu inda aka ce ta yi ƙarya, babu inda aka ce wata takarda tamu jabu ce. Baƙonku, wanda ya ce ya daɗe yana cike wa mutane fom, ya kamata ya san cewa waɗannan abubuwa biyu ne daban. Wanda aka kama da yaudara ana rubuta masa haka ƙarara, kuma ana iya haramta masa shiga ƙasar har shekara 10. Maiɗakina laifinta ɗaya, ɗinki take yi a cikin gida, kuɗinta a hannu ake ba ta, ajiyarta kuma adashe ne da matan unguwa, wanda babu bankin da zai buga masa hatimi. Tana da 'ya'ya maza biyu a makaranta, tana da tsohuwa da take dubawa kullum, amma duk wannan bai kai nauyin takardar albashi ba a wurin mutumin da bai taɓa ganinta ba, bai kuma yi mata tambaya ko ɗaya ba. Ban ce babu masu kai takardun jabu ba, akwai su, kuma su ne suke ɓata wa kowa suna. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma aikin gidan rediyo ne ya faɗi duka biyun.

Ya kuma ce wanda aka zalunta ya ɗaukaka ƙara. A ina? A ƙasan takardar an rubuta cewa babu damar ɗaukaka ƙara, kuma tun 2013 aka soke wannan dama hatta ga masu zuwa ziyarar 'yan'uwansu. Abin da ya rage shi ne mutum ya sake biyan kuɗi ya sake nema, na farkon kuwa ba a mayarwa, kuma a Afrilun 2025 an ƙara kuɗin zuwa fam 127. An sake nema mata bayan tafiyarmu, amsar ba ta canza ba. Ina ganin mutumin da sana'arsa ke nan yana da dalilin ɗora laifi a kan wanda aka hana, domin in ba haka ba sai a tambaye shi amfanin kuɗin da yake karɓa.

Yanzu ga hutun da aka ce na samu. Yarinyar ba ta ji, maganar da ta fara koya ma ta gudu, kuma duk duniya uwarta ce kaɗai ta san abin da take nufi. A tsakaninsu suka ƙirƙiro alamu: in ta taɓa leɓe ruwa take so, in ta dafa mara banɗaki ne, in ta ja kunnen mutum tsoro take ji. Kafin mu tashi maiɗakina ta zaunar da ni ta riƙa koya mini, ta rubuta su a bayan takardar awon da take yi wa masu kawo ɗinki, ta sa mini a aljihun gaban riga, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi. A filin jirgin Abuja sai da na ɓanɓare yatsun yarinyar daga hijabin uwarta ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna kallo.

Jami'an shige da fice sun tsayar da ni, kuma ban ga laifinsu ba, domin namiji shi kaɗai da ƙaramar yarinya mai kururuwa wadda ba za ta iya cewa wannan babana ne ba, dole a bincika a ƙasar da ake fama da safarar yara. Sun nemi takardar haihuwa da takardar amincewar uwa, wadda muka yi rantsuwa a kanta a kotu, suka kuma kira ta a waya. A Manchesta ma an yi mini irin waɗannan tambayoyin. Wani abu da ya cece mu shi ne bizar yaro takan ɗauki sunan babban da zai raka shi, har mutum biyu, kuma ba ta aiki sai yana tare da ɗaya daga cikinsu. Mun sa sunayenmu duka biyu. Da sunan uwarta kaɗai muka sa, kamar yadda iyaye da yawa za su yi ba tare da tunani ba, da bizar yarinyar ta tashi a banza. Wannan shi ne irin bayanin da masu sauraro suke bukata, kuma baƙonku bai ambace shi ba ko sau ɗaya a tsawon shirin.

Mun yada zango a Doha, tafiyar wajen sa'a bakwai kafin nan da wata wajen sa'a bakwai bayan nan. Yaron da yake ji, in ya ruga a cikin taro sai a ƙwala masa kira ya waiwayo. Tawa in ta juya baya, ta tafi ke nan. Da ɗankwalin uwarta na ɗaure wuyan hannunta da nawa, haka muka bi layi, haka muka ci abinci, haka na ja akwati da hannu ɗaya. Da lokacin salla ya yi, a kafaɗa na ɗauke ta, in zan yi sujada in ajiye ta tsakanin gwiwoyina, ina tuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama. Da jirgi ya fara sauka kuwa ta riƙe kai tana ihu, na zaro takardar na duba, babu wannan alamar a ciki. Wata baiwar Allah 'yar Sudan da ke kujerar baya ce ta miƙo alewa ta nuna mini in ba ta ta tsotsa, saboda iskar da ke danne dodon kunne. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

A asibiti ni na sa hannu a takardar aiki, ni na riƙe ta aka sa mata maganin barci, ni na kwana a kujera kusa da gadonta. Da ta farfaɗo da bandeji a kai, hannu ta riƙa miƙawa wajen ƙofa tana neman wadda ba ta nan. Bayan 'yan makonni aka kunna na'urar, kuma uwar da ta yi jinyar sanƙarau tun daga daren farko a waya ta kalli wannan rana, hoton yana yankewa saboda rashin ƙarfin intanet a unguwarmu. Matar yayana ta yi iya ƙoƙarinta, ita take yi mata wanka da kitso, amma ita ma ma'aikaciya ce mai fita tun asuba. Ban san wane ɓangare na wannan ne ya ba mai gabatar da shirinku dariya ba.

 

Na yi ta kiran layinku a daren, ba a ɗauka ba, shi ya sa na rubuto. Ina roƙon a karanta wannan wasiƙa a daidai lokacin da aka yi wancan shirin, domin waɗanda suka ji an kira maiɗakina maƙaryaciya su ji amsarta. In za a dawo da baƙon, a haɗa shi da lauyan da ya san dokar shige da fice, a kuma buɗe layi ga matan da aka hana, su karanto masa abin da aka rubuta a takardunsu. A shirye nake in kawo tamu ofishinku ku gani da idonku.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Tudun Wada, Zariya