Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Louisiana, Jeff Landry, Kan Kocin LSU Da Sunan Jami'a

Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mazaunin jiharka ne, kuma ina cikin masu son ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Jihar Louisiana, wato LSU. Na faɗi haka tun farko don kada a ɗauke ni cikin masu ganin wasan nan a matsayin ɓata lokaci. Duk wanda ya taɓa shiga harabar jami'ar a Baton Rouge ranar Asabar ta wasa, ya ga rumfuna a ƙarƙashin manyan itatuwa tun hantsi, ana juya dafa-dukan jambalaya a tukwanen ƙarfe da muciya mai tsawon mutum, baƙo na wucewa a miƙa masa faranti ba a tambayi sunansa ba, sannan da dare mutum sama da 100,000 su cika filin Tiger Stadium cikin riguna ruwan shuni da ruwan zinare, ya san abin ya wuce wasa. A 1988, lokacin da LSU ta ci Auburn a mintocin ƙarshe, ihun jama'a sai da na'urar auna girgizar ƙasa ta sashen nazarin duwatsu na jami'ar ta ɗauka. Don haka ban yi mamakin ganin gwamna ya damu da wanda zai horar da ƙungiyar ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ka damu, da kuma abin da damuwar ta haifar.

Ranar 25 ga Oktoba 2025 Texas A&M ta lallasa mu 49 da 25 a gida, washegari aka sallami kocin ƙungiyar, Brian Kelly. A ganina sallamar ba ta zo da mamaki ba. Kocin da aka ɗauko daga Notre Dame a 2021 kan kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 95, ya ci wasa 34 ya faɗi 14, wanda a wata jami'ar sai a yi masa biki. Amma a LSU magabatansa uku a jere, Nick Saban a 2003, Les Miles a 2007 da Ed Orgeron a 2019, kowannensu ya ɗauko kofin ƙasa. Shi bai ko shiga gasar fitar da zakara ba, duk da ya samu ɗan wasa irin Jayden Daniels da ya lashe kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2023. Magoya baya kuma ba su taɓa ɗaukarsa ɗan gida ba. Mutumin Massachusetts ne, kuma tun daren da ya tsaya gaban 'yan kallon ƙwallon kwando yana lanƙwasa harshe kamar ɗan kudu, ba a daina yi masa shaƙiyanci ba.

Bayan kwana uku ka kira taron manema labarai kan tallafin abinci na marasa ƙarfi, wanda rufewar gwamnatin tarayya ta sa yake neman tsayawa. Dubban ɗaruruwan mutanen jihar nan ne suka dogara da shi. Amma abin da duniya ta ɗauka daga taron shi ne maganarka cewa daraktan wasanni Scott Woodward ba shi zai zaɓi sabon koci ba, har ka ce gara ka bar wa Shugaba Donald Trump zaɓin. Washegari Woodward ya bar kujerarsa. A lokacin jami'ar ba ta ma da shugaba na dindindin, wanda ke kan kujerar, William Tate, ya koma Jami'ar Rutgers. Ga kwamitin gudanarwar jami'a, wanda gwamna ke naɗa mambobinsa, kuma tun 2024 doka ta ba ka damar zaɓar shugabansa. Wa zai ce maka a'a a cikinsu?

Zan ba ka gaskiyarka. Kuɗin sallamar Kelly, kusan dala miliyan 54, abin kunya ne, kuma Woodward ne ya sa hannu a kwantiragin. Shi ne kuma, lokacin yana daraktan wasanni a can, ya kai koci Jimbo Fisher Texas A&M a 2017, mutumin da aka sallama a 2023 da fiye da dala miliyan 75, kodayake ƙarin kwantiragin da ya kumbura kuɗin an yi shi ne bayan Woodward ya bar can. Sai dai Woodward ɗin nan shi ya kawo Kim Mulkey wadda ta ci kofin ƙasa na ƙwallon kwandon mata a 2023, shi ya kawo Jay Johnson da ya ci na ƙwallon baseball a 2023 da 2025. Ko ya cancanci kora ko bai cancanta ba, akwai waɗanda aikinsu ne su auna wannan, kuma ofishinka ba ya cikinsu.

To, ranka ya daɗe, ina aka kwana? An ce ba za a sake irin wancan kwantiragi ba. Ranar 30 ga Nuwamba aka sanar da Lane Kiffin, kocin Jami'ar Mississippi da ake kira Ole Miss, a matsayin sabon koci: shekara 7, dala miliyan 91, wato miliyan 13 kowace shekara, sama da abin da Kelly yake karɓa. Idan aka sallame shi ba tare da laifi ba, za a biya shi kashi 80 cikin 100 na abin da ya rage. Har ma LSU ta ɗauki nauyin biyansa kuɗin lada da zai samu in da ya tsaya a Ole Miss ya ja ragamarta a gasar fitar da zakara, wato mun yarda mu biya kocinmu duk lokacin da abokiyar hamayyarmu ta yi nasara a gasar. Kelly kuwa sai da ya kai ƙara kotu bayan an fara neman hanyar zille wa biyansa, daga baya jami'ar ta rubuta masa cewa sallamar ba ta laifi ba ce, kuɗinsa na nan. An gudu ba a tsira ba.

Ba ina cewa Kiffin bai iya aiki ba. Ya kai Ole Miss ga cin wasa 11 cikin 12 a kakar 2025, abin da ba ta saba gani ba. Magoya bayan LSU sun rabu biyu a kansa, kuma muhawarar tana da daɗin ji. Wasu na cewa irin kocin da zamanin nan ke buƙata ke nan: ya iya zawarcin 'yan wasan da ke sauya jami'a, ya iya ja hankalin matasa a shafukan zumunta, duk inda ya je kyamara na binsa. Wasu kuma na tuna cewa wannan mutumin ya yi kaka ɗaya tak a Tennessee a 2009 ya tsere zuwa Jami'ar Kudancin California, wato USC, har ɗalibai suka fito zanga-zanga suna ƙona katifu, USC kuma ta kore shi a 2013 a filin jirgin sama da tsakar dare, yanzu ga shi ya bar yaransa ana gab da shiga gasar da suka yi shekara suna nema. Suna tambaya, wanda ya yi wa Ole Miss haka, me zai hana ya yi mana? Ni ina tsakiya. Amma duka ɓangarorin suna faɗin abu ɗaya da nake so ka lura da shi: suna maganar koci kamar shi ne fuskar jami'a, shi ne sunanta.

Masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja ba. Kullum Alabama ake kawowa misali, inda yawan ɗalibai ya tashi daga wajen 25,000 a 2007 da Saban ya zo zuwa kusan 40,000 lokacin da ya yi ritaya, akasarin sababbin kuma 'yan wasu jihohi ne masu biyan kuɗin makaranta mai tsada. Na yarda ƙwallo zaure ce ga jami'a, ta nan baƙo yake fara shigowa. Sai dai mai gidan da ya kashe dukiyarsa wajen yi wa zaure ado alhali ɗakunan ciki na yoyo, ranar da baƙon ya wuce ciki asirinsa zai tonu. Kuma mun ga haka a zahiri. A 2019 aka buɗe ginin 'yan ƙwallo da aka gyara da dala miliyan 28, kowane ɗan wasa da kujerarsa mai buɗewa ta zama gadon barci. A makon ne hotunan babban ɗakin karatun jami'ar suka bazu, ruwa na shiga ƙasansa, an lulluɓe kantocin littattafai da leda. Yanzu an ɗauko maganar gina sabo, madalla, amma a duba shekara nawa aka ɗauka kafin a kai nan, sannan a duba mako nawa aka ɗauka kafin a samo miliyan 91.

Na san amsar da ake bayarwa. Kuɗin koci ba na haraji ba ne, daga tikiti yake fitowa, da kuɗin talabijin na SEC, gasar jami'o'in kudu maso gabas da LSU ke ciki, da attajiran da ke zuba gudummawa a gidauniyar Tiger Athletic Foundation. Gaskiya ne a takarda. Amma attajiran Louisiana ba su da yawa, kuma aljihun da ya biya kocin da ba ya aiki, shi ne aljihun da sashen injiniya ko na aikin gona zai je ya ƙwanƙwasa gobe. Ga kuma sabon nauyi: tun Yulin 2025 an ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan ni ban ƙi shi ba, yaran nan su ne ke karya ƙafa da kafaɗa, sun daɗe suna yi wa wasu fatauci kyauta. Amma kuɗin dole daga wani wuri zai fito, kuma mai sayen tikiti ya riga ya fara ji a jikinsa.

Ba wannan ne karo na farko da ka sa hannu a harkar ba. A Nuwamban 2024 ka matsa sai an dawo da al'adar shigo da damisa mai rai filin wasa. Likitocin dabbobin jami'ar sun daɗe da daina wannan al'ada, ba sa fito da tasu, Mike na bakwai, wanda ke zaune a lambunsa kusa da filin, saboda ƙara da hasken fitilu na firgita dabba. Sai aka yo aron wata daga Florida, aka zagaya da ita cikin keji na 'yan mintoci. A daren Alabama ta ci mu 42 da 13. Kwana da kwanaki jaridun Amurka ba su da abin dariya sai mu. In ana maganar kare sunan jami'a, wannan ma yana cikin lissafi.

Kai ɗan Louisiana ne, ka fi ni sanin Huey Long, tsohon gwamnan jihar nan kuma sanata. Shi ma ya ɗauki LSU tamkar tasa. Yana jan gaban 'yan badujala, yana shiga ɗakin 'yan wasa, ya taɓa tilasta wa kamfanin jirgin ƙasa rage kuɗi don ɗalibai su bi ƙungiya zuwa Nashville. A Disambar 1934, LSU na baya da maki 13 a hannun Oregon, ya nemi ya yi wa yara jawabi a hutun rabin lokaci, koci Biff Jones ya hana shi. Aka dawo LSU ta ci 14 da 13, Jones ya ajiye aiki. A shekarar ce kuma aka kori ɗalibai 'yan jaridar makaranta saboda sun ƙi yarda a tace abin da suke rubutawa a kansa. Shugaban jami'ar na lokacin, James Monroe Smith, wanda ya saba da cewa to ga duk abin da aka ce masa daga sama, ƙarshensa gidan yari a badaƙalar 1939. Wannan ne abin tsoron: hannun da ya saba zaɓar koci ba ya tsayawa a filin wasa. Hukumar da ke tantance jami'o'in kudancin Amurka ta shimfiɗa sharaɗi cewa kwamitin gudanarwa ya kasance ba ya ƙarƙashin matsin lamba daga waje, kuma ba don ado aka rubuta shi ba. A 1941 jami'o'in gwamnati na Georgia sun rasa shaidar tantancewa saboda katsalandan na Gwamna Eugene Talmadge.

Amma ko Long ɗin, in za a yi masa adalci, bai zo da ihu kaɗai ba. Ya zuba wa jami'ar kuɗi, ɗalibai suka ninka, ya kafa makarantar likitanci a New Orleans a 1931. Mu kuwa jiharmu tana cikin waɗanda suka fi kowa zaftare kuɗin manyan makarantu bayan 2008, nauyin ya koma kan iyaye da ɗalibai, kuma har yau ba a gama farfaɗowa ba. Jami'ar New Orleans bashi ya yi mata katutu har majalisa ta yanke a 2025 a mayar da ita ƙarƙashin LSU. Jami'ar da kai kanka ka yi karatu a cikinta, ta Lafayette, wadda ta shafe shekaru tana ja-in-ja da sauran jami'o'i kan 'yancin rubuta Louisiana zalla a rigar 'yan wasanta, ita ma ta shiga 2025 da giɓin miliyoyin dala, ana rage ma'aikata. Sunan ya hau riga, albashi na neman gagara. Southern da Grambling, jami'o'in baƙar fata da suka yi wa jihar nan suna tun kafin talabijin ta san da LSU, ba na ma jin ana ambatonsu sai lokacin Bayou Classic, wasan da suke karawa da juna duk shekara.

Waɗannan su ne a teburinka, ranka ya daɗe. Kasafin kuɗi naka ne da majalisa, gyaran gine-ginen da suka tsufa naka ne, tallafin karatu na TOPS da jiha ke ba ɗalibanta naka ne. In da gaske kwantiragin koci ne ke ci maka rai, akwai hanyar da ta dace da gwamna: ka nemi majalisa ta yi doka cewa duk jami'ar gwamnati da za ta sa hannu kan kuɗin sallama mai yawa, sai ta bayyana a fili wa zai biya, da takardar lamuni daga gidauniyar da ta ɗauki nauyi, kafin kwamiti ya kaɗa ƙuri'a. Wannan zai ɗaure kowa, har da wanda kake so. Ga sabon shugaban jami'a, Wade Rousse, ga sabon daraktan wasanni, Verge Ausberry. Jama'a na kallonsu a matsayin mutanenka, kuma kai kaɗai za ka iya cire musu wannan tambari, ta hanyar barinsu su yi aikinsu. Ranar da Kiffin zai faɗi wasa uku a jere, kuma ranar za ta zo domin a SEC babu wanda ba ta zo masa, wayarka za ta cika da kiran attajirai da 'yan majalisa. Roƙona shi ne ka ba su lambar Ausberry.

Naka,
Wani mazaunin Baton Rouge