Ku gyara maganar da likitanku ya yi kan tsilar alade

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na lafiya na daren Talata ya ɓata min rai, har yanzu ban huce ba. Wai likitan da kuka kawo, da mai kira daga Sabon Gari ya tambaye shi kan tsilar alade da ke hawa ƙwaƙwalwa, sai ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ciwon masu cin alade ne, kuma in ma yana shakka ya je a ɗebi jininsa shi ke nan an gama. Haba! Kuma mai gabatarwa ya wuce abinsa ko a jikinsa.

Ciwon nan ya faru a gidanmu. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, tela ne a Tudun Wada, yana kan keke yana ɗinkin sallah ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki, mutumin da tun yana yaro ko suma bai taɓa yi ba. Aka ce iska ce, Inna ta ce sammu ne, mun yi ruƙiyya mun yi hayaƙi mun sha rubutu, wata huɗu muna abu ɗaya yana faɗuwa. Da muka je wani asibiti aka ɗebi jini aka ce babu komai. Sai da wata likita, Allah Ya saka mata da alheri, ta dage sai an yi hoton ƙwaƙwalwa, muka sayar da akuyar Inna da wayata muka haɗa kuɗin, sai ga abin nan ƙwaya ɗaya tak kamar ƙurji mai ruwa a cikin ƙwaƙwalwarsa. Ƙwaya ɗaya ita ta hana gidanmu barci.

Yaron nan bai taɓa cin alade ba, kusa da shi ma bai taɓa zuwa ba. Ita likitar ce ta zaunar da mu ta fahimtar da mu: wanda ya ci naman aladen da bai dahu ba shi ne tsila ke girma a hanjinsa, amma abin da ke hawa ƙwaƙwalwa ƙwan tsilar ne da ke fita cikin bayan gidan mutumin, ya bi hannun da ba a wanke ba, ko ruwa, ko latas da kabejin da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata, kai da ba ka ji ba ba ka gani ba ka haɗiye. Su waye ba sa cin salak a garin nan da azumi? A birnin Niyok na Amurka, a rahoton da ya fito a 1992, an samu ciwon a jikin Yahudawa masu riƙo da addini, waɗanda alade haramun ne a wurinsu kamar mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a yankuna da yawa da tsutsar ta yi katutu, kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya ita ce sila. To ina maganar "masu cin alade kawai"?

Shi kuma gwajin jinin da likitanku ya ɗauka kamar yankan wuƙa, ai galibi ba tsutsar yake gani ba, martanin garkuwar jiki yake nema. Ko mafi ingancinsa, wanda aka fitar a Amurka a 1989, yana kamawa sosai ne in ƙwayoyin suna da yawa kuma suna raye, in guda ce ko ta mutu ta ƙandare yakan wuce bai gani ba, irin na ƙanena ke nan. Wani kuma ya warke tuntuni amma jininsa na nuna akwai. Kuma tsilar ma ba iri ɗaya ba ce, masu binciken ƙwayoyin halitta sun raba ta gida biyu, ta Asiya daban, ta Afirka da Latin Amurka daban, shi ya sa ni dai nake son jin an gwada kayan gwajin nan a kan namu mutanen kafin a zo rediyo a ce jini ya wadatar.

Yanzu alhamdulillah, ƙanen nawa ya sha maganin tsutsa albendazol da maganin kumburi a ƙarƙashin kulawar likita, yana kan maganin farfaɗiya, ya koma shago. Amma auren da aka sa masa rana ya watse, dangin yarinya sun ce gado ne. Wannan ne ke ci min rai duk lokacin da na tuna likitanku yana dariya.

Sannan don Allah layin wayarku ɗin nan, sau tara ina kira katina na ƙarewa, amma kuna da minti goma na tallan mai maganin basir da sanyi a tsakiyar shirin likita.

Ku dawo da likitan nan ko ku kawo wani ranar Talata mai zuwa ya warware maganar nan da bakinsa, ni da Inna za mu kunna rediyo.

Mai sauraronku,
daga Tudun Wada, Zariya